Gana: Kwanan Kasuwa Na Namiji Daban, Na 'Ya Mace Daban

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa raka motar albasa daga Galmi ko Madawa ta ƙasar Nijar, ya ratsa Burkina Faso har ya sauke kaya a Kumasi ko Akara, babu shakka ya san 'yan matan nan masu yawo da daro a ka, waɗanda tun mota ba ta gama tsayawa ba sun kewaye ta suna neman dako. Haka shi ma wanda ke zuwa sarin atamfa a kasuwar Makola, ko gwanjo a Kantamanto. Mutanen Gana na kiran su kayayei, idan guda ce kuma kayayo, kalmar da rabinta tamu ce, domin an haɗa "kaya" na Hausa ne da kalmar da ke nufin mace a harshen Ga, wato mutanen da suke asalin mazauna Akara. Muna ba su kaya, mu biya su ɗan abin da ya samu, mu kama gabanmu. Abin da da yawa daga cikinmu ba mu taɓa tsayawa mun tambaya ba shi ne, idan aka tashi daga kasuwa aka kulle shaguna, ina waɗannan bayin Allah suke kwana?

Amsar ita ce da yawa daga cikinsu a nan kasuwar suke kwana, a barandar shaguna, da ƙarƙashin rumfuna, da cikin tashoshin mota, a kan kwali ko leda. Waɗanda suka ɗan fi hali sukan haɗa kuɗi su kama ɗakin katako a unguwannin talakawa, mutum goma ko fiye a ɗakin da bai kamata ya wuce mutum biyu ba. Ba su kaɗai ne ke kwanan waje ba, domin akwai samari masu tura kura da 'yan jari-bola da yaran mota da su ma kasuwa ce ɗakinsu. To, amma wanda ya duba da kyau zai ga cewa ko da yake sararin da suke kwana ɗaya ne, abin da dare ke zo wa namiji da shi daban, wanda yake zo wa 'ya mace da shi daban. Rashin lura da wannan bambanci ne ya sa akasarin matakan da ake ɗauka kan masu kwanan titi ba sa kai wa ga waɗanda suka fi buƙata.

Yadda dako ya koma hannun mata

Idan aka koma tarihi, a da dako a manyan kasuwannin Gana sana'ar maza ce, kuma akasarinsu 'yan ci-rani ne daga Nijar da Mali da sauran ƙasashen arewa. A cikin watan Nuwamba na shekarar 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta kafa dokar korar baƙin da ba su da takardun zama, abin da dattawanmu da yawa ba su manta ba, domin dubban Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa sun baro Gana a lokacin. Gurbin da 'yan dakon suka bari sai mutanen arewacin Gana suka soma cike shi, kuma sannu a hankali mata suka rinjayi maza a ɗaukar kaya a ka, su kuma mazan suka koma tura kura da amalanke.

Dalilan da ke fito da su daga gida ba ɓoyayyu ba ne. Arewacin Gana, kamar ƙasar Hausa, damina ɗaya gare ta a shekara, alhali kudu na samun biyu, don haka da zarar an gama girbi sai aiki ya yanke. Yarinya daga yankin Tamale ko Walewale ko Yendi ko Savelugu takan taho kudu ne don ta tara kuɗin kayan ɗaki, ko kuɗin koyon ɗinki, ko na makarantar ƙannenta. Wata kuma auren dole ta gudo wa, wata mijinta ne ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Rikicin ƙabilanci na shekarar 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba shi ma ya koro jama'a masu yawa zuwa Akara, inda suka ƙara cika unguwar Old Fadama da ke gefen kasuwar Agbogbloshie. Ƙidayar da mazauna unguwar suka yi da kansu a shekarar 2009 ta nuna mutum kusan 80,000 ne a cunkushe a wurin.

Kama ɗaki na sosai kuwa ya fi ƙarfin mai dako. Dokar haya ta Gana ta shekarar 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida a gaba, amma abin da aka saba gani shi ne a nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wadda ke samun kuɗinta kullum-kullum, kuma take fatan komawa gida kafin damina, ina za ta samo wannan?

Namiji yana da zango

Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin cewa baƙo namiji ba kasafai yake rasa wurin sa haƙarƙarinsa ba. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja da Salaga kakanninmu suka kafa tsarin zango, inda kowane baƙo yake da mai gida ko fatoma da zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Wannan tsari ne ya haifar da unguwanni irin su Sabon Zango da Nima a Akara, da zangon Kumasi. Har gobe saurayin da ya sauka a mota ba shi da kowa, idan ya nemi masallaci zai sami ruwan alwala da tabarma, idan ya yi kwana biyu ana ganinsa a sahu wani zai tambaye shi daga ina, daga nan sai a kai shi wurin mutanen garinsu. Yana iya kwana a zauren wani, ko a cikin mota a tasha, ko ma a ba shi gadin shago ya kwana a ciki ana biyansa.

Duk waɗannan ƙofofi a rufe suke ga 'ya mace. Ba a saba mace ta kwana a masallaci ba, zaure na maza ne, tasha da dare ta direbobi ce da yaransu, kuma babu mai ɗaukar yarinya gadi. Matar gida ma ba ta cika son a kawo mata baƙuwar da ba a san asalinta ba. Sannan akwai bakin mutane, domin namijin da ya kwana a waje ana cewa nema ya fito, ita kuwa mace da zarar an ga tana kwanan kasuwa sai a fara yi mata kallon 'yar iska, ko da kuwa tun asuba take ɗauke da buhu a ka. Ashe ke nan tsarin karɓar baƙi da muke alfahari da shi, an gina shi ne a kan matafiyi namiji, a lokacin da mata ba sa tafiya neman kuɗi su kaɗai. Zamani ya sauya, tsarin bai sauya ba.

Abin da dare ke zo mata da shi

Namijin da ke kwana a waje babban tsoronsa ɓarawo ne da 'yan sanda da ruwan sama. Mace tana da waɗannan duka, sannan ga fargabar fyaɗe a kai. Shi ya sa za ka ga suna kwana a tattare wuri guda, ƙananan a tsakiya manyan a gefe, wasu kuma su kwana da matsattsen wando a ƙarƙashin zane. Wani mai gadin kan bar su su kwanta a barandar da yake tsaro ne bisa sharaɗin kuɗi, wani kuma abin da yake nema ya wuce kuɗi. Wata yarinyar takan yarda ta zauna da saurayi ba don so ba sai don yana da ɗaki mai ƙofa. Ƙarshen wannan shi ne cikin da ba a shirya masa ba, da cututtuka, da zubar da ciki ta hanyar da kan kai ga rasa rai. Gana na da dokar hana cin zarafi a cikin gida ta shekarar 2007, kuma rundunar 'yan sanda na da sashe na musamman mai kula da irin waɗannan ƙararraki, amma yarinyar da ba ta jin Turanci ko Twi sosai, ba ta da adireshi, kuma gobe ma a wurin za ta kwana, da wuya ta kai ƙarar wanda ya san makwancinta.

Sai batun makewayi da wanka. A irin waɗannan wurare komai na kuɗi ne, ban-ɗaki da kuɗi, bokitin ruwa da kuɗi, gidan wanka da kuɗi. Namiji kan raɓe a bayan mota ya yi fitsari, ya watsa ruwa a bakin famfo da gajeren wando, ba mai cewa komai. Mace dole ta biya ko ta jira dare, kuma daren shi ne hatsarin. Idan lokacin al'adarta ya zo, buƙatar ruwa da sabulu da audugar mata na ƙaruwa a daidai lokacin da ƙarfin ɗaukar kaya ke raguwa. A shekarar 2025 gwamnatin Shugaba John Mahama ta ƙaddamar da rabon audugar mata kyauta ga ɗalibai 'yan mata, wanda abin yabo ne, sai dai ta makaranta ake bi, ita kuwa mai dako tana kasuwa. Rashin tsabtar muhalli kuma ba ƙaramin abu ba ne a Akara, domin annobar kwalara ta shekarar 2014 ta kama fiye da mutum 28,000 a Gana, ta kashe sama da 240, kuma babban birnin ne ya fi jin jiki.

Bambanci na uku shi ne goyo. Da wuya ka ga mai tura kura da jariri, amma kayayo da ɗa a baya da kaya a ka abu ne na yau da kullum. Dilar gwanjo a Kantamanto takan kai kilo 55, nauyin da ya kusa na yarinyar da ke ɗauke da ita, kuma idan ta zame daga ka, wuyan uwa ko kan jaririn ne a hanya. Dokar yara ta Gana ta shekarar 1998 ta sanya ɗaukar kaya masu nauyi cikin ayyuka masu hatsari da aka hana wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma duk wanda ya shiga Kejetia ko Makola ya ga 'yan shekara 12 da 13 da daro a ka. Tun shekarar 2008 awon ciki da haihuwa kyauta ne a ƙarƙashin tsarin inshorar lafiya na ƙasar, to amma wuni guda a layin asibiti wuni ne da ba a yi dako ba, ranar da ba a yi dako ba kuwa babu abinci.

Su ma mazan suna da nasu

Kada mai karatu ya ɗauka cewa namiji yana cikin jin daɗi. Samarin da suka yi shekaru suna fasa tsofaffin na'urori a filin jari-bola na Agbogbloshie, akasarinsu 'yan arewa, sun sha hayaƙin wayoyin da ake ƙonawa don a ciro jan ƙarfe, ga yanka da ƙuna ba magani. Idan an yi sata a unguwa su ake fara kamawa, idan 'yan siyasa na neman 'yan banga su ake ɗauka, kuma a cikinsu ne shan tiramadol ya fi yaɗuwa, don su iya jure aikin ƙarfi. Ƙungiyoyin agaji sun fi karkata ga mata da yara, shi kuwa ƙato ana ganin ai zai iya da kansa, kuma kunya ba ta barinsa ya koma gida hannu rabbana. Saboda haka abin da namiji ya fi buƙata shi ne wurin sana'ar da ba za a tashe shi ba, da takardar shaida, da maganin rauni da na shaye-shaye. Ita kuwa mace abin da ke gaban komai a wurinta shi ne ƙofar da za ta kulle.

Rusau da kulle sun tona asiri

Abubuwan da suka faru a shekarun baya sun nuna wannan bambanci a fili. Ranar 3 ga watan Yuni na shekarar 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah sun hallaka fiye da mutum 150. Kafin watan ya ƙare hukumar birnin Akara ta shiga Old Fadama da motocin rusau, a kan cewa gine-ginen bakin rafin Odaw ne ke toshe hanyar ruwa. Lokacin damina ne, kuma azumi ya riga ya kama, dubban mutane suka wayi gari a fili. Namiji ya ɗauki jakarsa ya nufi masallaci ko wurin abokai, mace kuwa ta zauna a kan tarkace da tukwane da yara.

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2020, da aka sa dokar kulle a Akara da Kumasi saboda cutar korona, kasuwa ta tsaya, abincin masu dako ya yanke a rana ɗaya. An tare manyan motocin kaya a Ejisu, kusa da Kumasi, aka tarar da mata da ƙananan yara a ɓoye a ciki suna ƙoƙarin komawa Walewale, aka juyo da su Akara. Cikin watan Afrilu, ana tsakiyar cewa kowa ya zauna a gida, aka sake rushe wani sashe na Old Fadama, fiye da mutum 1,000 suka rasa matsuguni. Sai kuma watan Yuli na shekarar 2021, lokacin da aka tashi kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a bayan gari, aka kuma share filin jari-bola. 'Yan albasa, waɗanda da yawansu mutanenmu ne, suna da ƙungiya da shugabanni, don haka an zauna da su an kuma ba su wuri. Matan da ke sauke musu kaya ba su da kujera a wannan zama. Haka nan gobarar da ta cinye babban sashe na Kantamanto a farkon watan Janairu na shekarar 2025, lissafin da aka fi yi na rumfuna ne da jari, alhali mai dako ta rasa aikinta, wata ma har da wurin kwananta.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye. A watan Mayu na shekarar 2025 hukumar shige da fice ta Gana ta kwashe baƙi mabarata 2,241 daga titunan Akara, akasarinsu 'yan Nijar. A cikin manya, mata 525 ne maza 384, a cikin yara kuwa 'yan mata 755 ne maza 577. Wannan ya tuna mana da gawarwaki 92 da aka tsinta a hamadar arewacin Arlit a watan Oktoba na shekarar 2013, a kan hanyar Aljeriya, waɗanda 52 yara ne, 33 mata, maza 7 kacal. Idan talauci ya kai ga fitar da iyali kan titi a ƙasar waje, mata da yara ne a gaba.

Matakan gwamnati da inda suka tsaya

Ba za a ce hukumomin Gana sun naɗe hannu ba. A kasafin kuɗin shekarar 2017 an soke harajin da ƙananan hukumomi ke karɓa daga kayayei a kasuwanni. A watan Mayu na shekarar 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Dokta Mahamudu Bawumia, wanda shi kansa ɗan yankin Walewale ne, ya buɗe gidajen kwana da koyon sana'a a Madina da Ashaiman, da nufin horar da mata 5,000 sana'o'i irin su yin sabulu da gashin burodi. Sai dai horo na 'yan makonni yana da ranar ƙarewa, kuma muddin rani a arewa yana nan yadda yake, duk wadda ta bar daro wata za ta zo ta ɗauka. Bugu da ƙari, mai dako dole ta kwana kusa da inda mota ke sauke kaya da asuba, don haka masaukin da sai ta hau mota ta je, kuɗin motar kaɗai ya isa ya mayar da ita baranda. Mayar da mutane garuruwansu a mota shi ma an sha gwadawa, bayan 'yan watanni sai a sake ganinsu.

Abin da ke hannun 'yan kasuwa

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda ke harka a Jibiya ko Illela ko Maigatari ko Ƙonni ya san cewa a daren kasuwa akwai mata masu talla da masu bara da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, da ke kwana a rumfunanmu. Abin da ya kamata a yi bai fi ƙarfin ƙungiyar kasuwa ba. Na farko, a ware ɗaki ko rumfa mai ƙofa da fitila don mata kaɗai, a damƙa makullin a hannun dattijuwar da aka yarda da ita, a cikin kasuwa ko dab da ita. Na biyu, makewayi da wurin wanka na mata daban, wanda ba a rufewa da dare. Na uku, inuwar da za a ajiye yara a ƙarƙashin kulawar mace guda a lokacin da iyayensu ke aiki. Na huɗu, amintaccen wurin ajiyar kuɗi ko adashi mai rubutu, domin wadda ke kwana da kuɗinta a ƙugu ita ɓarawo ke nema. Na biyar, sarkin kasuwa da sarkin tasha su sanar cewa duk mai gadi ko ɗan kamasho ko yaron motar da ya taɓa 'yar wani, za a miƙa shi ga hukuma, ba za a kashe maganar a cikin gida ba. Idan kuma za a zauna da hukuma kan tashin kasuwa ko rusau, a tafi da wakiliyar masu dako.

Shi kuma ɗan kasuwa a karan kansa, ya yi ciniki da mai dako kafin ta ɗauka, ya biya ta abin da zai biya namiji a kan kaya iri ɗaya, ya raba buhu biyu idan ya yi nauyi, kada kuma ya ɗora wa ƙaramar yarinya abin da ba zai ɗora wa 'yarsa ba. Daga ƙarshe muna kira ga sarakunan zango da shugabannin 'yan albasa da na 'yan goro da na dabbobi, a Gana da sauran ƙasashen da muke fatauci, da su tuna cewa da saukar baƙo aka san zango. Baƙon yau sau da yawa mace ce da goyo, kuma ita ma tana da haƙƙin masauki.